Akwatin Ɗumama Abinci: Abin Da Ya Ke Yi Wa Ƙwayoyin Cuta Da Yis

Ran kasuwar da ta wuce wani ɗan kasuwa ya tare ni a rumfarsa da tambaya. Shi mai sayen madara ne a hannun Fulani, iyalinsa su mai da ita kindirmo, a ɗura a robobi, ya kai kantuna cikin gari. Kwanan baya ya sayo akwatin nan na ɗumama abinci da lantarki, wanda Turawa ke kira maikirowef. Wanda ya sayar masa ya gaya masa wai hasken da ke cikinsa ba ya barin ƙwayar cuta ko ɗaya da rai, ko da minti ɗaya aka kunna shi. Sai ya ce mini, "Malam, in haka ne ai na huta da sayen itace ke nan, ko kuwa?" Kafin in buɗe baki, wani akawu da ke zaune kan benci ya ce shi kam ko kyauta aka ba shi ba ya sa abincinsa a ciki, don ya ji an ce guba hasken ke bari a abinci.

Su duka biyu sun yi kuskure, kuskuren nasu kuwa tushensa ɗaya: kowannensu yana zaton akwai wani asiri a cikin hasken. Tun da ya ke akwatin nan ya fara shiga gidaje da ofisoshi da wuraren sayar da abinci, na ga ya kamata wannan mako mu jingine zancen taki da iri, mu dube shi. Kada manomi ya ce ba ruwansa. Abin da ya noma da abin da ya tatsa, su ne ke shiga akwatin.

ƘANANAN HALITTU

Mu fara da waɗanda a ke son kashewa. A cikin ruwa da ƙasa da madara da jikin mutum akwai halittu masu rai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wanda ya fara ganinsu ma ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Da hannunsa ya ke goge gilashi yana yin madubai, a 1676 ya rubuta wa masanan Landan labarin abin da ya gani yana iyo cikin ɗigon ruwa.

Iri biyu za mu yi magana a kansu. Na farko su ne bakteriya. In an jera guda 1,000 kai da kai, tsawon jerin ba zai fi ƙwayar gero ba. Haihuwarsu kuwa, ɗaya ce ke rabewa biyu, in ta sami abinci da ɗumi tana iya yin haka kowane minti 20. Akawu ya ɗauki alƙalami ya lissafa da kansa: ɗaya tak da hantsi, bayan awa 7 ta haura miliyan 2. Shi ya sa da bazara miyar da aka sauke lafiya lau da rana, kafin a kwanta ta lalace. Na biyu shi ne yis, wanda masu burodi ke saye a kanti. Dangin fumfuna ne, ƙwayarsa ta fi ta bakteriya girma sau da yawa. Ita ba rabewa ta ke yi ba, ɗan ƙullutu ta ke tsirarwa a gefenta, ya girma ya ɓalle. Sukari ta ke ci, ta fid da iska, iskar nan ce ke kumbura burodi da fanke da ƙullun waina.

Ba dukansu ne abokan gaba ba. Bakteriya ne ke mai da madara kindirmo, su ne ke mai da kalwa daddawa, su ne kuma ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Amma a cikinsu ne kuma akwai masu kawo gudawa da taifot da kwalara, da tarin shanu, da bakkale mai sa saniya ɓari, wanda ke kama mutum ta shan ɗanyar madara.

Abin da na ke so ku riƙe shi ne wannan. Kowace ƙwaya, ta bakteriya ko ta yis, tamkar 'yar salka ce mai siririyar fata, wajen kashi 70 cikin 100 na jikinta ruwa ne. A cikin ruwan akwai sinadaran da ke yi mata aikin rayuwa, irinsu ɗaya da farin ƙwai. Kowa ya san abin da ke samun farin ƙwai in ya faɗa kasko mai zafi: ya daskare, ba ya kuma komawa yadda ya ke. To, haka zafi ke yi wa cikin ƙwayar, fatarta kuma ta tsattsage, abin da ke ciki ya tsiyaye. Mutuwarta ke nan.

YADDA AKWATIN KE AIKI

Hasken da ke cikin akwatin ido ba ya ganinsa, ɗan'uwan wanda ke ɗauko muryar rediyo ne. Tafiya ya ke yi kamar igiyar ruwa, tudu da kwari. Masu sauraron rediyo sun saba jin an ce a kama tasha a kan mita 25 ko 31 ko 49. Wannan lissafin, nisan da ke tsakanin tudu da tudu ne. Na akwatin gajere ne ƙwarai, santimita 12 ne kawai, bai kai taƙi ba.

Na'urar da ke fid da shi sunanta magnetron. Ba don girki aka ƙera ta ba, don yaƙi ne. A 1940 wasu masana biyu, John Randall da Harry Boot, suka gyara ta a Jami'ar Birmingham ta Ingila, aka sa ta cikin na'urar hango jiragen sama na abokan gaba. A 1945 wani injiniya na kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, yana tsaye kusa da ɗaya tana aiki, sai ya ga alewar da ke aljihunsa ta narke. Ya kawo masara, ta fashe ta zama gugguru. Akwatin farko da suka fitar kasuwa a 1947 tsayinsa ya kusa ƙafa 6, nauyinsa ya fi kilo 300. Sai a 1967 aka fitar da ƙaramin da ya yaɗu a gidaje, na ajiyewa kan tebur.

Ga yadda ya ke kawo zafi. Kowace 'yar ƙwayar ruwa kai biyu gare ta, kamar allurar kamfas ɗin da matafiya ke duba alƙibla da shi. Hasken nan yana jan ta nan, ya juya ya ja ta can, sau miliyan 2,450 cikin daƙiƙa ɗaya. Tana ta juyi tana gogar maƙwabtanta, gogayyar nan ita ce zafin, kamar yadda mutum ke murza tafin hannunsa da hunturu ya ji ɗumi. Gishirin da ke narke cikin ruwan shi ma yana ƙara zafin. Ke nan abin da ke da ruwa shi ke yin zafi. Abin da ya bushe ƙayau, hasken ratsa shi ya ke yi, kusan bai taɓa shi ba.

Yanzu tambayar ita ce, hasken ne da kansa ke kashe ƙwayoyin, ko kuwa zafin da ya haifar? Masana sun daɗe da gwada wannan. A 1967 Samuel Goldblith da Daniel Wang na makarantar fasaha ta Massachusetts a Amurka suka ɗauki bakteriya iri biyu, Escherichia coli mai zama a hanjin mutum da dabba, da Bacillus subtilis. Wasu suka dafa su da maikirowef, wasu da zafi irin wanda aka saba, suka daidaita yawan zafin da tsawon lokacin. Da suka ƙirga waɗanda suka mutu, ba su ga bambanci ba. A 1979 wasu biyu kuma a Texas, Vela da Wu, suka yi gwajin da ya fi burge ni, don sauƙinsa. Suka kawo bakteriya da fumfuna iri iri, wasu a jiƙe, wasu a bushe, suka haska musu. Na jiƙe suka mutu. Busassun kuwa, duk da an daɗe ana haska su, da aka ba su ruwa da abinci sai suka ci gaba da haihuwa kamar ba abin da ya same su.

Na gwada irin wannan da yis na kanti, kowa kuma yana iya gwadawa. Na zuba busasshen yis cokali ɗaya a faranti, na ajiye kofin ruwa a gefensa don kada akwatin ya yi aiki ba kome a ciki, na kunna rabin minti. Wani cokalin kuma na dama shi da ruwa da sukari, na sa shi har ruwan ya yi zafin da yatsa ba ya iya zama. Busasshen nan, da na jiƙa shi da ruwa mai ɗumi da sukari, kafin minti 15 ya taso da kumfa. Wanda aka dama kuwa ya kwanta shiru, har na gaji da jira na zubar. Haske ɗaya ne ya same su. Bambancin, ɗaya ya yi zafi, ɗaya bai yi ba. Yis yakan mutu in zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin santigired, ɗumin da ya fi so kuwa shi ne kamar na jikin mutum ko ƙasa da haka kaɗan. Mai burodi ko mai waina da ke son ɗumama ruwan kwaɓi a akwatin, ya ɗumama ruwan shi kaɗai, ya motsa, ya taɓa ya ji, sa'an nan ya zuba yis.

Gaskiya ne akwai masanan da suka ce sun ga wani abu ban da zafi. A 1977 wasu a Jamus, Grundler da Keilmann da Fröhlich, suka ba da labari sun haska yis da wani haske marar ƙarfi wanda zangonsa wajen milimita 7 ne, suka ga saurin haihuwarsa yana ƙaruwa ko yana raguwa in an ɗan canja zangon. Zancen ya ta da ƙura. Amma da aka sake gwajin a Jami'ar Utah ta Amurka a 1986, da kuma a Bern ta Siwizalan a 1997, ba a ga kome ba. A 2011 wasu a Ostareliya suka ce sun ga hasken ya buɗe 'yan ƙofofi a fatar Escherichia coli alhali zafin bai kai digiri 40 ba, amma su da kansu sun ce bayan kamar minti 10 ƙofofin sun rufe, yawancin ƙwayoyin kuma suna nan da ransu. Wahalar irin wannan bincike ita ce auna zafin abin da ido ba ya gani. A ganina, mu bar masana da muhawararsu. Hasken da su ke gardama a kai ma ba irin na akwatin girki ba ne, kuma ko mai goyon bayansa bai ce a dogara da shi a tsabtace abinci ba.

INDA HATSARIN YA KE

In zafi ne ke kashewa, to, duk inda zafin bai kai ba, ƙwayoyin suna nan. Nan ne akwatin ke yaudarar mutane, gama ba ya raba zafinsa daidai.

Da fari, hasken ba ya shiga abinci da nisa. Iyakarsa kamar santimita 1 zuwa 2, watau faɗin yatsa ko fiye kaɗan. Daga nan sai dai zafin ya rarrafa ciki a hankali. Masu cewa daga ciki ya ke dafa abinci ba su taɓa sa malmalar tuwo ba: bayanta ya ƙona hannu, a gutsura a tarar da tsakiyarta da sanyi. Na biyu, hasken yana bugun bangon akwatin yana komowa, inda igiyoyinsa suka haɗu su yi ƙarfi, inda suka kashe juna ba zafi sam. Tsakanin wuri mai zafi da mai bi masa kamar santimita 6 ne. Wanda ke so ya gani da idonsa, ya cire farantin nan mai juyawa, ya shimfiɗa yankan burodi da aka shafa wa man shanu, ya kunna daƙiƙa 20. Zai ga man ya narke tsibi tsibi, tsakaninsu kuwa yana nan daskare. Don haka ne aka sa farantin ya riƙa juyawa, amma juyin rage abin ya ke yi, ba ya kawar da shi. Na uku, ƙanƙara ba ta shan hasken kamar ruwa. Kaza ko kifin da aka ciro daga firiji a daskare, gefen da ya fara narkewa shi zai yi ta dahuwa, wajen ƙashi kuwa ɗanye.

Ga abin da ya faru a garin Juneau na jihar Alaska a Amurka a 1992. An yi wani taron cin abinci, gasasshen nama ya ragu, mutane suka kwashe zuwa gida. Ashe naman ya daɗe a waje, bakteriyar nan Salmonella mai kawo gudawa da zazzaɓi ta yaɗu a ciki. Likitoci suka bi sawun mutum 30 da suka ɗumama naman kafin su ci. Goma sun ɗumama a maikirowef, duka goman suka kwanta. Ashirin sun ɗumama a kasko ko a tanderu, ko ɗaya bai kamu ba. Nama ɗaya, cuta ɗaya, bambancin kawai ko zafin ya ratsa ko'ina.

Akwai kuma wata matsala tamu ta nan gida. Akwatin da aka rubuta masa wat 800 yakan ja wajen wat 1,200 daga layi. In wuta ta zo ba ƙarfi, ko janareta ƙarami ne, fitilar ciki za ta kama, farantin ya juya, a ji ƙugi, ƙararrawa ta buga a kan lokaci, amma zafin da ya shiga abincin bai kai na kullum ba. Wanda ya saba da minti 3 ya ɗauka aiki ya yi. Saboda haka kada a auna da agogo, a auna da abincin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai digiri 70 a kowane sashe nasa. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, ya baza abincin a faranti mai faɗi maimakon ya tara shi tuli, ya yayyafa ruwa in ya bushe, ya rufe da murfi don tururi ya taimaka, ya tsaya a tsakiyar lokacin ya juya shi da cokali. In an kashe, a bar shi a rufe minti 2 zafin ya bazu. A tona tsakiya, in tururi bai tashi daga can ba, a mayar.

WAƊANDA ZAFIN BA YA ISA

Wasu bakteriya suna da wata dabara. In zama ya yi wuya sai su janye ruwan jikinsu, su yi wa kansu ƙwanso mai tauri su kwanta, kamar yadda gaiwa ke shigewa laka ta yi barci da rani har damina ta komo. A cikin ƙwanson nan suna iya jure tafasa. Masu yin daddawa sun daɗe suna cin moriyar wannan ba su sani ba. Ana dafa kalwa awoyi da yawa, kusan duk wata halitta da ke jikinta ta mutu, sa'an nan a rufe ta a ajiye kwana biyu ko uku. Wadda ke farkawa ta yi aikin ita ce Bacillus subtilis, ita dai wadda Goldblith da Wang suka yi gwaji da ita. Sa'ad da mu ke makarantar koyon aikin gona, in za a tsabtace kwalaben gwaji ba tafasa su a ke yi ba, cikin wata tukunya mai murfin dunƙulewa a ke sa su, tururi ya matsu har zafi ya kai digiri 121, a bar su minti 15. Ruwa a buɗaɗɗen kwano kuwa, a akwati ne ko a murhu, in yana tafasa ba ya wuce digiri 100.

Wata 'yar'uwar ta daddawa, Bacillus cereus, ita ce ke damun masu sayar da shinkafa. Ƙwansonta yana zuwa tare da shinkafar tun daga gona, ya tsallake dahuwa. In an sauke tukunya aka bar ta ta yini a ɗumi, sai ta farka ta hayayyafa, ta zuba wata guba mai sa amai. Gubar nan ba halitta ba ce balle a kashe ta, ko an kai ta digiri 121 tana nan. A ɗumama shinkafar a akwati har ta yi tururi, bakteriyar ta mutu, wanda ya ci ya yi ta amai bayan 'yan awoyi. Maganin abin ba a wajen ɗumamawa ya ke ba, a wajen ajiya ne. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, ko dai a riƙe shi da zafi a kan wuta, ko a sa shi a firiji.

Manoman gyaɗa da masara su lura da wannan musamman, domin haka zancen ya ke game da gubar fumfuna da a ke kira aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Tana lalata hanta, tana kawo ciwon daji. Na ji wani yana cewa in gyaɗa ta yi fumfuna sai a gasa ta a akwatin a sayar. Fumfunar tana iya mutuwa, amma gubar sai zafi ya haura digiri 200 ta ke rushewa sosai, kafin nan kuwa gyaɗar ta ƙone. Suya tana rage ta, ba ta kawar da ita. A shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a zuba a buhu, a tsince ruɓaɓɓu da masu tsagewa, kada kuma a ba kaji ko shanun tatsa abin da aka tsince.

Akwai inda akwatin ke da amfani na gaske. A 2006 Gabriel Bitton da abokan aikinsa a Jami'ar Florida suka jiƙa soson wanke-wanke da ruwan ƙazanta, suka sa a akwati. Minti 2 da cikakken ƙarfi ya kashe fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin, masu ƙwanso kuwa sai da aka kai minti 4. Da labarin ya fita a jaridu wasu suka sa busasshen soso, ya kama wuta, har jami'ar ta fito ta ce jiƙaƙƙe a ke nufi. Manyan masana'antu kuma suna amfani da hasken wajen adana abinci. A 2009 hukumar kula da abinci ta Amurka ta amince da wata hanya da Juming Tang ya jagoranci ƙirƙirowa a Jami'ar Jihar Washington. Amma ku duba yadda su ke yi: abincin yana cikin rufaffen ƙunshi, an nutsar da shi cikin ruwan zafi a tukunya mai matsi, sa'an nan a haska. Watau su ma zafin su ke nema, hasken hanzarta shi kawai ya ke yi.

AMSAR ALHAJI DA TA AKAWU

Na ce wa mai kindirmo, Alhaji, mu yi lissafi. Ƙa'idar tsabtace madara, wadda aka sa wa sunan Louis Pasteur na Faransa, ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, kuma kowane ɗigo ne zai kai haka, ba na sama kaɗai ba. Akwati mai wat 800, kafin ya ɗaga lita 1 daga digiri 30 zuwa 72, zai ci kusan minti 4, in wuta na da ƙarfi. Mai lita 20 ke nan zai yi fiye da awa ɗaya yana tsaye yana sakawa yana fitarwa yana motsawa, ga kuɗin mai, ga shi ba shi da tabbacin tsakiyar kwanon ta kai. Tukunya a kan wuta, ana motsawa har ta tafasa, ta fi arha ta fi aminci. In ta huce har yatsa mai tsabta ya iya zama a ciki, sa'an nan a zuba ɗan tsohon kindirmon da za a kama da shi. In an zuba da zafi an kashe masu aikin, madarar ta ƙi kamawa, ko kuma wasu baƙin ƙwayoyi su riga su shiga ta yi wari. Shi kansa kindirmon da ya kama, ba shi da abin yi a cikin akwatin.

Akawu kuwa ya kwantar da hankalinsa. Ya haɗa hasken nan ne da irin wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wancan yana da ƙarfin tsinka sinadaran jiki, shi ya sa a ke ƙayyade shi. Na akwatin ba shi da wannan ƙarfi, juya ruwa kawai ya ke yi. Da an kashe ya tafi, kamar yadda haske ke tafiya in an hure fitila, ba ya saura a abinci. Ragar ƙarfen nan da ke jikin gilashin ƙofa ita ke tsare shi, gama ramukanta sun yi masa ƙanƙanta. Wayar hannun da ke aljihun akawun ma da dangin wannan haske ta ke aiki, sai dai ƙarfinta bai wuce wat 2 ba. Abin da ya kamata ya ji tsoro daban ne: akwatin da ƙofarsa ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai, kwanon ƙarfe mai ta da tartsatsi, ƙwai da ɓawonsa wanda ke fashewa, da siririyar leda mai narkewa a kan abinci mai maiƙo. Mata kuma kada su ɗumama madarar jariri a ciki. Kwalbar za ta yi ɗumi a hannu alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona bakin yaro.

Saura gona. An tambaye ni ko ana iya tsabtace ƙasar renon tumatir da barkono a akwatin, don kashe fumfunar nan da ke kayar da dashe tun yana ƙarami. Ana iyawa, in ƙasar kaɗan ce kuma da danshi, busasshiya dai kun ji abin da Vela da Wu suka gani. A Jami'ar Melbourne ta Ostareliya Graham Brodie ya ƙera na'urar da a ke ja a gona tana kashe ciyawa da 'ya'yanta da wannan haske, sai dai abin yana cin wuta da yawa. Ga mai fangalin reno, jiƙa ƙasa da rufe ta da farar leda makonni 4 zuwa 6 a tsakiyar bazara ya fi sauƙi, rana ba ta karɓar kuɗi. A tuna kuma zafi ba ya zaɓe, da mugu da nagari ya ke kashewa, sai a komo wa ƙasar da ruɓaɓɓen taki mai kyau bayan ta huce.

Iri kuwa, kada a kuskura. Ƙwaron wake yana mutuwa a akwatin, gaskiya ne, amma ƙwayar iri ita ma rai gare ta, zafin da ya kashe ƙwaron yana iya kashe tsiron, musamman in irin bai bushe sosai ba. Ba kuma za a gane ba sai an shuka an ga gona ta fito da giɓi, lokacin da ruwan shuka ya riga ya wuce. Wanda ke son ajiye irin wake ya shanya shi ya bushe, ya zuba a buhun nan na PICS mai ruɓi uku, ko a jarka mai tsabta wadda iska ba ta shiga, ya cika ta har baki ya ɗaure. Kafin damina ya ƙirga ƙwaya 100 ya shuka a kasko ya ga nawa za su fito. Yadda a ke wannan gwaji, da yadda a ke ƙara yawan iri in tsiron ya yi ƙasa, shi za mu duba mako mai zuwa in Allah ya kai mu.